Inuwa Kafin Sola: Tambayoyi da Amsoshi kan Wuta da Gini a Ƙananan Garuruwa

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan yi mini a wurin aiki, a majalisa, ko a zauren mai unguwa idan batun yanka sabbin filaye ya taso. Aikina awon fili ne da duba zanen gini, galibi a garuruwan da suka wuce ƙauye amma ba su kai birni ba: hedikwatar ƙaramar hukuma, garin da ke da kasuwar mako, asibiti ɗaya, tasha ɗaya, da taransfoma biyu ko uku da rabinsu ya lalace. Na tattara su a nan, na amsa daidai abin da na gani.

Mene ne haɗin tsara gari da wutar lantarki? Ai wancan aikin masu awo ne, wannan kuwa na 'yan wuta.

Ranar da mai awo ya kafa turakunsa ya ja layin titi, ya riga ya yanke wa kowane gida hukuncin inda zai fuskanta. Gidan da falonsa da tagoginsa suka kalli yamma, rana za ta riƙa dukansa daga azahar zuwa magariba muddin ginin na tsaye. Mai gidan ne zai biya wannan kuskure, da kuɗin fanka, da man janareta, da rashin barci a bazara, shekara talatin ko arba'in, alhali ba ya nan ranar da aka yi shi.

Haka ma wurin da za a kafa faifan sola na gari, da hanyar da falwaya za ta bi, da inda injinan niƙa da masu walda za su zauna. Idan ba a ware su tun fili yana gona ba, daga baya sai dai a sayi fuloti da tsada, ko a rushe wa wani katanga a shiga rigima. A ƙaramin gari har yanzu akwai sarari, kuma mutanen da ke yanke shawara ba su fi cikin zaure ɗaya ba: hakimi, dagaci, masu unguwanni, jami'in ƙasa na ƙaramar hukuma, da dillalai. A Kano ko Kaduna wannan dama ta wuce a yawancin unguwanni. A Ringim ko Mashi ko Matamaye tana nan.

To, ina ya kamata titi da gidaje su fuskanta?

Dogayen bangayen gida su kalli kudu da arewa, gajerun su kalli gabas da yamma. Dalili: da tsakar rana, rana tana sama sosai a ƙasarmu, don haka ɗan bakin rufi da ya fito ya isa ya yi wa bangon kudu ko na arewa inuwa. Da hantsi da kuma la'asar kuwa tana ƙasa-ƙasa, tana shiga taga kai tsaye, kuma babu bakin rufin da zai tare ta. Ranar la'asar ta fi muni, don tana zuwa ne lokacin da iska da ƙasa suka riga suka ɗau zafi.

Saboda haka layukan unguwa su fi yawa a miƙe daga gabas zuwa yamma, yadda fuskar gidaje za ta zama kudu ko arewa. Kada a manta da bangon arewa: a yankin Kano da Katsina da Damagaram, daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana kan ɗan karkata arewa, shi ma yana son bakin rufi.

Akwai abu biyu da tsofaffin magina suka sani tun kafin a zo da takardar zane. Hadarin damina daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi cin duka, ya fi son yaɓe mai kyau. Iskar damina mai sanyi daga kudu maso yamma take zuwa, ta hunturu mai ƙura kuma daga arewa maso gabas. Wanda ya buɗe wa ta farko hanya ya tare ta biyu da itatuwa ko katanga ya gama rabin aiki. Sai batun alƙibla: mutanenmu ba sa son masai ya fuskance ta ko ya ba ta baya, kuma zanen da bai kula da wannan ba, mai gida zai juya shi da kansa ranar aza harsashi, ya ɓata sauran lissafin. Gara a sa shi cikin zanen tun farko.

Na riga na sayi fuloti, kuma yamma yake kallo. Na yi asara ke nan?

A'a. Ni kaina irinsa na saya, kuma na yi kuskuren da nake hana mutane. Na sa wa falo manyan tagogin gilashi guda biyu suna kallon titi, don su ne ake yayi a lokacin. Shekarar farko, da ƙarfe huɗu na yamma a watan Afrilu, hannun kujerar da ke jikin tagar ba ya taɓuwa. Labulen ya koɗe cikin wata shida. Baƙo idan ya zo sai dai mu ɗauki tabarma mu koma gindin katangar maƙwabci.

Wani dattijon magini da ya yi wa mahaifina aiki ya zo ya tsaya ya dubi ginin, ya ce, "Ɗana, wa ya ce ka buɗe wa rana ƙofa?" Na ce, "Baba, haka zanen ya zo." Ya yi dariya, ya ce in kafa rumfa a gaban tagogin, in dasa darbejiya biyu a bakin titi, in huda ƙananan tagogi can sama a bangon da ke kallon tsakar gida. Rumfar ta yi aiki a ranar da aka gama ta. Itatuwan sun ɗauki shekara huɗu.

Idan ba ka fara gini ba, sanya zaure, garejin mota, ɗakin ajiya ko banɗaki a ɓangaren yamma, su zama garkuwa, ɗakunan kwana su koma ciki.

Wane ɓangare na gida ne ya fi jawo zafi?

Rufi. A gida mai hawa ɗaya shi ne ya fi kowane bango shan rana, tun safe har yamma. Kwano a tsakar ranar bazara yakan wuce digiri 60, kuma idan babu komai tsakaninsa da kanka sai iska, to a cikin tanda kake.

Gyaransa mataki-mataki ne, kowa daidai aljihunsa. Na farko launi: farin kwano ko wanda aka shafa wa farin fenti yana mayar da yawancin hasken, baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu yana shanye shi. Yayin baƙin kwano mai tsini da ya cika sabbin unguwanni yanzu, a ganina, ado ne da ake saye da gumi. Na biyu silin, a kuma bar tazara mai kyau tsakaninsa da kwano. Na uku, wanda aka fi mantawa, a bar wa wannan tazarar ƙofofin shaƙar iska a gefe da gefe, a sa musu raga saboda jemagu da tsuntsaye. Silin da aka toshe ko'ina zafi yake tarawa ya sauko maka da shi da dare. Na huɗu, ga mai hali, shimfiɗa abin tare zafi a kan silin, ko takarda mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano.

Wanda yake son ganin iyakar wannan dabara ya nemi hoton makarantar firamaren Gando a Burkina Faso, wadda Francis Kéré ya gina a 2001. Silin na bulon ƙasa ne, kwanon kuma an ɗaga shi sama a kan ƙarafa, ya fito sosai ta kowane gefe, iska tana wucewa ta tsakaninsu. Babu na'urar sanyaya ɗaki ko ɗaya. Mutumin ya samu lambar Pritzker a 2022, wadda ita ce mafi girma a fagen zanen gine-gine.

Kana nufin mu koma ginin ƙasa? Ai wannan ci baya ne, kuma ruwa yana rushe shi.

Wannan tambaya ce da ake yi mini da ɗan fushi, kuma ban ga laifin masu yin ta ba. Duk wanda ya taɓa kwana yana tare yoyon soro da kwanuka, ko ya ga ɗakin maƙwabci ya zauna a watan Agusta, yana da hujjar gudun ƙasa. Yaɓen shekara-shekara wahala ne. Azara ta yi tsada saboda giginya ta ragu. Ga kuma abin da ba a faɗa a fili: mai neman aure da gidan bulo ya fi mai gidan ƙasa kwarjini a idon surukai.

Amma a duba abin da ƙasa ke yi. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, sai bayan sa'o'i masu yawa zafin ke isa ciki. Shi ya sa zauren ƙasa yake da sanyi da azahar, a hunturu kuma yake da ɗumi da asuba. Bulon siminti mai rami, inci shida, ba ya iya wannan. Kafin la'asar ya riga ya miƙa maka zafin. Ƙasa ma tana da nata aibin: a tsakiyar bazara zafin da ta sha da rana da dare take amayo shi, abin da ya sa iyayenmu ke kwana a tsakar gida. Maganinsa tagogi biyu masu fuskantar juna da za a buɗe bayan isha'i, a rufe da hantsi.

Ginin ƙasa uku ne ke kashe shi: ruwan da ya kwanta a gindinsa, ruwan da ya shiga ta kansa, da sakaci. Idan aka yi harsashi da dutse ko kankare aka ɗaga shi sama da ƙasa, aka yi rufin da ya fito ya kare bango, aka gyara indararo, to an rufe ƙofa biyu. Yanzu kuma akwai bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, a zuba masa siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. Yana fitowa da kusurwa tsaf, ba ya bukatar yaɓen shekara, kuma ko fenti ba a yi masa ba yana da kyau. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, ta daɗe tana ƙera injinansa. Sharaɗinsa a gwada ƙasar, don ba kowace ce ke yi ba, kuma a bar bulon ya yi makonni yana shan danshi a rufe kafin a ɗora.

Misalin da na fi so yana Dandaji, wani gari a jihar Tawa ta Nijar. A 2018 Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala sabon masallaci mai cin mutum kusan dubu da irin wannan bulo, suka gyara tsohon masallacin ƙasa suka mai da shi ɗakin karatu. Garin Hausawa ne, maginan yankin ne suka yi aikin. A jihar dai, masallacin Yama da Falke Barmu ya gina ya ci lambar Aga Khan tun 1986. Wanda ya ce ƙasa ba ta ƙarko kuma, ya je ya ga bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaura a masallacin Juma'ar Zariya tun ƙarni na 19.

Manyan tagogi ba su fi kawo iska ba?

Gilashin da ba ya buɗewa, ko mai zamewa da rabinsa kawai ke buɗewa, haske da zafi yake kawowa, ba iska ba. Iska tana bukatar mashiga da mafita. Ƙaramar taga a ƙasa ta ɓangaren inuwa, da wata a sama ta ɗaya ɓangaren, sun fi ƙatuwar taga guda ɗaya. Wannan ya kuma dace da sirrin gida: tagar sama ba ta nuna wa mai wucewa komai.

Akwai doka a kan wannan, ko ra'ayi ne kawai?

Akwai. A 2017 ma'aikatar wuta, ayyuka da gidaje ta tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar gini mai tsimin makamashi. Daga cikin abin da ta ce: kada tagogi su wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai an yi musu inuwa, a sa abin tare zafi a rufi, a taƙaita wutar da fitilu ke ci, a kuma sa na'urar sanyaya ɗaki mai tsimin wuta. Sai dai izinin gini a hannun jihohi yake, ƙa'idar ba ta da haƙori sai jiha ta ɗauke ta ta sa cikin nata sharuɗɗan.

A ƙaramin gari ma, gaskiyar magana, gidaje nawa ne ke zuwa da zane? Dokar filaye ta 1978 ta bar filayen da ba na birni ba a hannun ƙananan hukumomi, dokar tsara birane ta 1992 kuma ta tanadi hukumar tsarawa a matakin ƙaramar hukuma. A aikace, awon igiya ne ke mulki: mai gona ya kira dillali, a yanka, a bar lungun da ko kurar ruwa da ƙyar take juyawa. Shi ya sa nake ganin zama da dillalai da magina da masu unguwanni ya fi buga sabuwar doka saurin haifar da ɗa mai ido. Dillali idan ya gane fulotin da ke kan titi mai faɗi da itatuwa ya fi tsada, da kansa zai bar faɗin.

Me ya sa kake ta maganar gini, alhali sola muka zo tambaya?

Saboda lissafi. Faifai mai wat 400, a rana mai kyau a arewa, bai cika ba da yunit biyu ba. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana iya cinye wannan cikin awa biyu zuwa uku. Fankar silin ta gargajiya tana cin wat 60 zuwa 75, irin ta sola kuma ƙasa da rabin haka. Ƙwan fitila na zamani mai wat 9 yana ba da hasken tsohon mai wat 60.

Gidan da aka gina da inuwa da iska, fanka ta ishe shi yawancin shekara, kuma faifai kaɗan da batir ɗaya sun riƙe shi. Gidan baƙin kwano da gilashi a yamma sai na'ura, na'ura kuma sai tarin faifai, da babbar inbata, da baturan da kuɗinsu ya kai na mota. Duk naira ɗaya da ka ƙi kashewa a rufi, za ka kashe ninkinta a batir, kuma batir mutuwa yake yi, rufi yana nan.

Kowa ya sa tasa a gida ya fi, ko a yi ta gari gaba ɗaya?

Ya danganta da cunkoso da sana'a. Inda gidaje suke a warwatse kuma bukatar ba ta wuce fitila da cajin waya da fanka ba, ta gida ta fi sauƙi. Inda akwai kasuwa, da injinan niƙa da markaɗe, da masu walda, da masu firiza, da teloli, ƙaramar tashar gari, wadda ake ce wa mini-girid, ta fi ma'ana: faifai a fili ɗaya, batura a ɗaki ɗaya, waya ta zaga gari, kowa da mitarsa ta kati.

Abin da ke raya irin wannan tasha shi ne masu cin wuta da rana. Wutar da aka sha tsaka da rana kai tsaye daga faifai take zuwa, ita ce mai arha. Wadda aka sha da dare sai ta kwana a batir, ita ce mai tsada. Garin da kowa ke jira sai magariba ya kunna talabijin, tasharsa ba za ta fitar da kuɗinta ba. A nan tsara gari ke shigowa kai tsaye: a tara masu injina a layi ɗaya kusa da kasuwa, a ware filin tasha kusa da su, ba can bayan gari ba inda waya za ta yi tsawo wuta ta raunana, ɓarayi kuma su samu sarari. Megawat ɗaya yana son kamar hekta biyu. Garin da kilowat ɗari zai isa, fuloti kaɗan ne, amma a bar wurin ƙari, kuma kada ya zama kwari da ruwa ke kwanciya.

Hukumar kula da harkar lantarki ta Najeriya, NERC, ta fitar da ƙa'idar waɗannan tashoshi a 2016, ta sabunta ta a 2023. Ƙa'idar ta 2023 ta shafi tasha har zuwa megawat ɗaya, wadda ta wuce kilowat 100 sai da izini, kuma ta tanadi diyya ga mai izini idan babban layi ya iso garin daga baya. Ta kuma yarda a yi irin tashar ko a garin da ke da wayar NEPA amma ba wuta, bisa yarjejeniya tsakanin kamfanin rarraba wuta, mai tasha da jama'a. Wannan shi ne halin da yawancin hedikwatocin ƙananan hukumomi ke ciki. Hukumar wutar karkara, REA, ita ke riƙe da tallafin da ake ba irin waɗannan tashoshi, kuma a Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES na yaɗa irin wannan wuta a Najeriya. Tun dokar lantarki ta 2023 kuma, jihohi na da ikon kafa nasu hukumomin.

An ce wutar mini-girid ta fi ta NEPA tsada. Gaskiya ne?

Kowane yunit, galibi haka ne. Amma mai injin niƙa ba da NEPA yake kwatanta ta ba, da dizal yake kwatantawa, mai shago kuma da fetur. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. A Oktoban 2024 kuma yawancin arewa ta shafe fiye da mako guda a duhu bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Nijar ta ɗanɗana tata a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mata wuta bayan juyin mulki, alhali kusan kashi 70 na wutarta daga nan take zuwa. Wuta mai arha da ba ta zuwa, ban san yadda ake lissafa arharta ba.

Abin da jama'a za su nace a kai kafin sa hannu: a rubuta farashi da yadda za a sauya shi, awa nawa aka yi alkawari a rana, wa ke gyara kuma cikin kwana nawa, da matsayin filin da gari ya bayar idan kamfanin ya tafi.

Me ya sa fitilun sola na kan titi da na asibitoci ke mutuwa bayan shekara biyu?

Faifan ba ya cika mutuwa, yakan yi shekara ashirin da ɗoriya. Batir ne da rashin mai kula. Na taɓa shiga wani ƙaramin asibiti da aka sa wa sola don firjin rigakafi da ɗakin haihuwa. Baturan suna wani ɗan ɗaki mai rufin kwano, ba silin, ba taga, an ɗora musu kwalayen magani da tsohuwar katifa. Na sa hannu a kan ɗaya, kamar tukunyar da aka sauke yanzu, gefensa ya kumbura. Faifan da ke sama kuwa ƙurar hunturu ta yi musu bargo, har na rubuta sunana da yatsa. Ungozomar da ke aikin dare ta nuna mini fitilar wayarta, ta ce da ita take karɓar haihuwa. Ba wanda ya taɓa gaya musu ana wanke faifai, kuma ba kobo a kasafin asibitin na sauya batir.

Zafi yana rage kwanan batir ƙwarai. Mai ruwan dalma a ɗaki irin wannan, shekara biyu ya yi ƙoƙari. Na litiyam ya fi juriya, yakan ninka haka sau uku ko fiye idan an kula da shi, amma shi ma yana son ɗaki mai sanyi. To ka ga mun dawo kan gini: ɗakin batir ya zama mai kaurin bango, mai inuwa, mai shan iska. Faifai su kalli kudu, a ɗan jingine su kamar digiri 10 zuwa 15 don ruwa ya wanke su, a bar iska ta bi ta ƙarƙashinsu, don su ma zafi yana rage musu ƙarfi. A hunturu a goge su duk mako da sassafe. Kafin a karɓi kowace kyautar sola, a san sunan wanda zai riƙe tsumma da bokiti, a san asusun da za a sayi batir na gaba.

Matattun batura fa, ina za a kai su?

Kada a bari a fasa su a cikin unguwa. Masu sayen gwangwan suna farfasa su don dalma, su zubar da ruwan a lungu inda yara ke wasa. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Gubar ɗaya ce. A sa wa mai sayarwa sharaɗin karɓar tsoho idan ya kawo sabo, a kuma ware wa 'yan gwangwan wuri nesa da gidaje da rijiyoyi.

Samar da wuta da iska fa, ko gas daga kashin shanu?

Iska ba ta cika dacewa da ƙaramin gari ba. Tashar Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10, ta shafe fiye da shekara goma tana jan ƙafa, kuma injinta ba abin da makanikin gari zai gyara ba ne. Rana kuwa an gwada ta a gabanmu: kasuwar Sabon Gari a Kano tun 2018, Malbaza a Nijar megawat 7 a 2018, Jami'ar Bayero megawat 7.1 a 2019, Gorou Banda kusa da Yamai megawat 30 a 2023. Gas daga kashin dabbobi yana yiwuwa inda ake samun kashi da ruwa kullum a wuri ɗaya, kamar mayanka ko makarantar kwana, kuma girki ya fi dacewa da shi.

Mafi sauƙin riba a wurina ita ce rijiyar burtsatse mai sola. Ba ta son batir ko ɗaya: famfo ya tura ruwa sama da rana, tanki ya riƙe, a sha da dare. A tsarin sabuwar unguwa a ware mata wuri a kan tudu.

Ina itatuwa da kududdufai suka shigo?

Itace shi ne na'urar sanyaya gari da ba ta cin wuta. Titin da ke da darbejiya a jere da wanda ba shi da ita, ƙafarka ma za ta gaya maka bambanci. Amma itace yana son wuri, don haka faɗin titi ya haɗa da na kwata, da na falwaya, da na itace, kowanne da layinsa. Idan aka dasa a ƙarƙashin waya, 'yan wuta za su sare shi ranar da ya fara amfani. Idan aka dasa kudu da faifai, inuwar reshe ɗaya tana iya kassara jere guda. Itatuwa su tsaya yamma da gabashin gida, da kuma jere a arewa maso gabashin gari don tare ƙura. A kwarin Majiya na Nijar an fara irin wannan jeren darbejiya tun 1975, manoman Maraɗi da Damagaram kuma da sassaben zamani, wato renon tohon kututture maimakon sare shi, suka dawo da gawo da sauran itatuwa a kimanin hekta miliyan 5, ba tare da dashe ba.

Kududdufi kuwa, daga cikinsa aka ɗebi ƙasar da aka gina tsohon gari, shi ne kuma ke shanye ruwan damina. Yanzu ana cike su da shara a yanka fuloti. Ruwan ba ya fasa zuwa, sai dai ya nemi gindin bangon wani, sannan a ce ginin ƙasa ne ba shi da ƙarko. A taswirar kowane gari da na yi wa aiki, kududdufai nake fara zagayewa da jan biro kafin in ja layin titi ko ɗaya.

Ni mai unguwa ne, an zo za a yanka gona a bayan gari. Me zan nema?

Ranka ya daɗe, kafin a kafa turke ko ɗaya, ka sa a zaga gonar tare da dattawan da suka san inda ruwa ke bi, a fitar da hanyarsa daga cikin abin sayarwa. Sannan ka nemi layuka su miƙe gabas da yamma inda ƙasa ta yarda, kuma faɗinsu ya ɗauki mota biyu da kwata da itace. Ka nemi a cire fili na makaranta, da masallaci, da tankin ruwa, da tashar sola, a rubuta su da sunan jama'a a takarda mai sa hannun dagaci da hakimi da ƙaramar hukuma, don filin da aka bari da baki kawai, magada ne ke sayar da shi. Manyan itatuwan da ke gonar, gawo ko tsamiya ko kuka, a lanƙwasa layi a bar su.

Mai gona zai ce an rage masa fuloti, kuma gaskiyarsa ne, an rage. Ka zaunar da shi da dillalin, ku ɗauko farashin fuloti a unguwar da mota ke shiga da na unguwar da ake ɗaukar mara lafiya a baro zuwa bakin titi, ku ninka kowanne da yawan fulotan da za su fita.